Kai Biki Karkara: Yadda Za a Shirya Kwana Biyu Ba Tare da an Wahalar da Dangi Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe biki a birni ya san yadda abin yake ƙarewa. A kama zauren taro na awa huɗu da kuɗi masu yawa, rabin lokacin ya tafi a cunkoson motoci da jiran amarya ta fito daga hannun mai kwalliya, a ci abinci cikin ƙarar lasifika, a watse. Bayan mako guda ka tambayi gwaggon ango sunan yayar amarya, ba ta sani ba, alhali yanzu sun zama dangi. Shi ya sa wasu gidaje suka fara kwashe makusantansu zuwa gidan gona ko wani wurin shaƙatawa a karkara daga Juma'a zuwa Lahadi, a ci tare, a yi salla tare, a yi hirar dare a tsakar gida har a san juna. Mun yi wa ƙanwata haka a wani gidan gona da bai kai tafiyar awa biyu daga Kano ba, kuma har yau ina jin daɗin abin da ya ƙulla tsakanin gidajenmu biyu.

Sai dai akwai abin da ya kamata ku riƙe tun daga farko. A birni gari ne yake ɗauke muku rabin nauyin biki ba tare da kun lura ba: maƙwabta su ba da ɗaki, kanti yana buɗe, asibiti yana kusa, dare ya yi kowa ya nufi gidansa. Da zarar kun fita da mutane karkara, ruwansu da wutarsu da makwancinsu da lafiyarsu duk sun dawo wuyanku. Don haka ma'aunin da nake ba kowa shi ne kakar amarya. Kafin ku yanke kowace shawara, ku tambayi kanku yadda abin zai yi wa tsohuwa mai shekara saba'in da ciwon gwiwa. Wurin da ya yi mata daɗi zai yi wa kowa.

Abin da za a tafi da shi da abin da za a bari a gari

Kada ku fara da neman wuri. Ku fara da zama da iyaye, ɓangaren amarya da na ango, a yanke waɗanne shagulgula ne za su tafi karkara.

Shawarata a bar ɗaurin aure a gari. A shari'a babu abin da ya hana a ɗaura shi a ko'ina, matuƙar akwai waliyyi da sadaki da shaidu da siga. Amma ɗaurin aure a wurinmu haƙƙin jama'a ne. Abokan kasuwar uban amarya, limamin unguwa, maƙwabcin da ya riƙa kai ta makarantar allo tana ƙarama, duk suna da rabo a wannan fatiha. Idan kuka ɗauke shi zuwa inda sai mai mota da kati ne zai iya zuwa, kun raba dattijon nan da ranar da ya daɗe yana jira, kuma za a daɗe ana yi masa ƙorafi a bakin masallaci. A ɗaura a ƙofar gida ko a masallacin unguwa, a raba goro da dabino da alewa, sannan makusanta su kama hanya.

Haka ma yinin biki na mata. Matan unguwa da ƙawayen uwar amarya waɗanda ta yi shekaru tana kai musu gudummawa ba za su shiga mota su tafi daji ba, kuma bai kamata a ce sun rasa inda za su kawo tasu ba. A yi musu yininsu a gida kafin tafiya. Jere kuwa a gama shi tun ranar Laraba ko Alhamis, don babu wadda za ta raba kanta biyu tsakanin ɗakin amarya da gidan gona.

Abin da ya dace da karkara shi ne kamu, walima ta dangin kusa, da daren nishaɗi. Lalle ya danganta da lokacin ɗaurin auren. Idan Juma'a ne, a zana shi a gida tun Alhamis don ya kama. Masu sha'awar abin da ake kira ranar ƙauyawa su yi hattara a nan. Abin da ake yi a birni na shafa baƙi a fuska da sa tsumma ana kwaikwayon mutanen ƙauye, a gaban su kansu mutanen ƙauyen cin fuska ne. In kuna son shigar gargajiya, ku sa saƙi da ƙwarya da faifai da mutunci, yadda kakanninmu suka sa.

Daga nan sai ƙirga kai, kuma nan ne ake fara samun saɓani. A bikinmu ba a cika jiran kati ba. An ce bikin farar kaza balbela ba gayya. Amma gado ba ya ƙaruwa don an yi kara. Ku rubuta jerin sunaye biyu: masu kwana, da masu zuwa ranar Asabar su koma a ranar. Kowane ɓangare a ba shi adadinsa, uwar amarya da uwar ango su cike da kansu, don su suka san wanda in an bari za a yi shekara ana biko. A rubuta yara da masu reno da direbobi da masu girki da mai hoto, domin su ma za su ci su kwanta. Bayan an gama, ku ƙara kashi 20 cikin 100 a lissafin abinci da katifu. Mu mun rubuta masu kwana saba'in, muka kwana da tamanin da huɗu.

Lokaci

Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin da karkara ta fi kyan gani, ita ce kuma ta fi wuyar biki. Hanyar burji takan koma taɓo, rafin da aka tsallaka da safe ya cika da la'asar, iskar hadari ta kwashe rumfa da kujeru cikin minti biyar. Agusta ku cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, tsofaffi da jarirai su galabaita, kuɗin mai da ƙanƙara ya ninka.

Mafi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Fabrairu. An yi girbi, hatsi da nono sun wadata, manoma sun sami sarari don haka za ku sami masu taya ku aiki, hanya ta bushe. Amma sanyin hunturu a fili, musamman a bakin ruwa, ya fi na cikin gari nesa ba kusa ba; ku faɗa wa baƙi su zo da bargo da rigar sanyi, ku tanadi ruwan zafi na alwalar asuba. Hazo yakan sa a ɗage tashin jirage zuwa Kano da sauran biranen Arewa a Disamba da Janairu, don haka wanda zai taso daga Legas ko ƙasar waje ya iso da kwana ɗaya a hannu. Ku kuma duba kalandar Musulunci. Azumi yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa a Fabrairu, wato rububin bukukuwan Rajab da Sha'aban ya haɗe da na Disamba da Janairu. Masu rumfuna da masu girki da motocin haya duk a kame suke a lokacin. Ku kama naku wata uku kafin ranar.

Zaɓen wuri

Wurare iri uku ne. Akwai gidan gona na wani ɗan'uwa ko aboki, wanda ba za ku biya haya ba amma kusan komai sai kun kawo. Akwai wuraren shaƙatawa da ke kusa da birane, irin na yankin Tiga da Bagauda a ƙaramar hukumar Bebeji, inda madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo take kimanin kilomita 70 kudu da Kano, ko na Minjibir, ko filin wasan folo na Fifth Chukker a Kangimi kusa da Marabar Jos a jihar Kaduna. Sannan akwai na nesa irin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauci.

Yankari ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi mutane suka fi ambata. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Masaukin yana sansanin Wikki, gefen maɓuɓɓugar da ruwanta yake zaune a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. A lokacin rani dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji, don haka fita kallon giwaye da safe abin tunawa ne ga yara da manya. Amma daga garin Bauci zuwa sansanin sai an yi fiye da kilomita 100, kuma kusan kilomita 40 daga ciki tafiya ce a cikin daji bayan an shiga ƙofar Mainamaji. Duk abin da aka manta an manta shi ke nan. Gwaggon biri da gadu suna yawo a tsakar sansanin, kuma birin ba ya jin kunyar fizge leda daga hannun yaro ko shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Wuri ne na mutum talatin zuwa hamsin waɗanda suka shirya tafiya, kuma ɗaurin auren sai an yi shi tun makon da ya gabata.

Lissafin nisa mai sauƙi ne. Idan an ɗaura aure bayan sallar Juma'a, kafin a gama gaishe-gaishe a shiga mota ƙarfe uku da rabi ta yi. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a Kano. Ke nan wurin kada ya wuce tafiyar awa biyu da motar bas cike da mutane, ba da ƙaramar motar saurayi mai gudu ba.

Hotunan Instagram ba sa nuna banɗaki. Gani ya kori ji: ku je da kanku, mutum uku, kuma lallai a cikinku a sami mace babba wadda ta saba riƙe biki, don abin da idonta zai gani namiji ba zai gani ba. Ku kwana a wurin dare ɗaya. Ku buɗe famfon kowane ɗaki, ku ja ruwan kowane banɗaki, ku ɗaga zanin gado ku duba ɗinkin katifa ko akwai kuɗin cizo. Ku ƙirga ɗakunan da suke aiki da gaske, ba waɗanda aka rubuta a takarda ba. Ku lura da matakala: nawa tsohuwa za ta hau kafin ta kai ɗakinta, kuma taku nawa ne daga nan zuwa wurin taro. Ku gwada sabis na MTN da Airtel da Glo a wurare daban-daban na harabar. Ku tsaya a fili da la'asar ku ga inda inuwa take faɗawa da inda iska take kaɗo ƙura. A gidan gona ku kula da inda garke da kejin kaji suke, domin warin da hanci bai kama da rana ba yakan taso da dare, ƙudaje kuma su sauka a kan abinci. Ku nemi wurin salla mai tsabta na maza da na mata, ku tabbatar da alƙibla, ku tambayi masallacin Juma'a mafi kusa.

Hanya, tsaro da masu gari

Ba zan ɓoye muku ba, akwai yankunan da komai kyansu ba a kai biki yanzu. A Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari Kajuru Castle a jihar Kaduna da dare, suka kashe baƙi biyu, suka tafi da wasu. Wuri ne da ya yi suna, mutane suna ganin ai sananne ne. Saboda haka kada ku dogara da maganar mai wuri kaɗai, don shi ciniki yake nema. Ku tambayi direbobin tashar da suke bin hanyar kullum, ku tambayi jami'in 'yan sandan yankin, ku tambayi mai shayin bakin hanya abin da ya faru a watanni shidan da suka wuce. In amsoshin suka sa zuciyarku ta yi rawa, ku bar wurin ko da kun ba da kafin alƙalami. Ku sake tambaya mako guda kafin biki, kuma ku riƙe wani wuri a cikin gari da za a koma in al'amari ya canza.

Idan wurin ya kwanta muku, mataki na gaba shi ne gaisuwa. Sai da ɗan gari akan ci gari. Wata guda kafin biki, wani dattijo daga cikinku ya je wurin dagaci ko mai unguwa da goro, ya ce ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu, mu baƙinka ne kwana biyu. A gai da limamin garin, a gayyace su walima da baki. Wannan gaisuwa ta fi muku masu gadi goma amfani. Ta hannun mai gari za ku sami 'yan sintirin da suka san kowace fuska, da matasan da za su kafa rumfa su ɗebi ruwa, da matan da za su taya girki, kuma a biya su haƙƙinsu yadda aka yi ciniki, kada a sallame su da ragowar abinci. Ku sanar da ofishin 'yan sanda a rubuce. A jihohin da ke da Hisba, irin Kano, ku bincika ƙa'idojin da ake bi kan kiɗa da cuɗanyar maza da mata da lokacin tashi, don kada a zo tsayar muku da taro a gaban surukai.

Kada a wallafa sunan wurin da ranar a Facebook ko a katin da zai yawo a wayoyi. A buɗe zauren WhatsApp na masu tafiya kaɗai, hotuna kuma a riƙe su sai an dawo gida.

A tafi a ayari. Gara a ɗauki bas biyu ko uku masu kujera 18 da direbobin da aka sani, da a bar motoci ashirin kowa yana neman hanya. Kowace mota a naɗa mata mutum ɗaya mai riƙe da sunayen waɗanda ke ciki. Motar gaba ta ɗauki wanda ya san hanya, ta baya ta ɗauki bakanike da igiyar ja da tayar safaya. A duba ranakun kasuwannin da ke kan hanya: wanda zai bi ta Wudil ranar Juma'a, ko Ɗambatta ranar Lahadi, ya ƙara lokaci a lissafinsa. Lambar kiran gaggawa 112 da ta jami'an kiyaye haɗura 122 su kasance a wayar kowane jagoran mota. Doka ɗaya kuma babu sassauci a kanta, ko ga abokan ango: babu mai shiga hanya bayan magariba.

Ruwa da wuta

A nan ne mu muka yi tuntuɓe. Wurin yana da rijiyar burtsatse da tanki ɗaya a sama, mai wurin ya ce ba su taɓa rasa ruwa ba, kuma gaskiya ya faɗa, don ba su taɓa saukar da mutum tamanin ba. Ranar Asabar da hantsi, mata suna tsakiyar wanka, tankin ya ƙafe. Matasan garin ne suka cece mu da kura da jarkoki.

Ku lissafa wa kowane mai kwana aƙalla lita 50 a rana don wanka da alwala da banɗaki. Mutum tamanin ke nan lita 4,000, ban da girki da wanke-wanke, waɗanda za su iya cin wata lita 1,000. Ku tambayi girman tankin da awa nawa injin yake ɗauka kafin ya cika shi. In bai kai ba, ku yi hayar ƙarin tankunan roba a cika su tun Alhamis, ku kuma riƙe lambar mai tankar ruwa mafi kusa. Ruwan sha daban: ledar fiya wata tana da ƙulli 20 na rabin lita, kuma mutum ɗaya yakan sha shida zuwa takwas a yini. Butoci ku sayo da yawa, talatin ba su yi yawa ba. Idan masu zuwa yini za su kai ɗari, banɗakunan ɗakuna ba za su ɗauka ba. A kafa na wucin gadi, na mata nesa da na maza, da fitila da mai kula da tsabtarsu.

Wuta kuwa ku ɗauka babu ta gwamnati, in ta zo riba ce. Ku sa mai gyaran wuta ya ƙirga kayan da za a kunna: na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana jan sama da kilowat ɗaya, ga firji, ga injin ruwa, ga dutsen guga da na'urar busar da gashi waɗanda mata za su kunna lokaci guda. Janareta mai kVA 100 yana shan kimanin lita 16 zuwa 18 na dizal a awa in an ɗora masa kayan da suka kai kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, don haka ku san awa nawa za a kunna, ku sayi man da kanku ku ajiye a hannun mutum ɗaya amintacce. A sami ƙaramin janareta na biyu wanda zai riƙe fitilu da lasifika da injin ruwa in babban ya tsaya. A ajiye su nesa da ɗakuna, a fili, domin hayaƙin janareta yana kashe mutane cikin barci. Haka ma gawayi: kowace tsohuwa za ta so a shigar mata da kasko ɗaki saboda sanyi, a lallashe ta a ba ta ƙarin bargo. Fitilun sola a jera su a kan hanyar banɗaki da ta masallaci.

Duk abin da kuka yi magana da mai wuri ya shiga takarda: lambobin ɗakuna, awannin wuta, wanda zai sayi mai, ko an yarda ku shigo da masu girkinku ku yi yanka, ƙarfe nawa za a kashe kiɗa, ko akwai wasu baƙi da za a saukar a ranakun, da abin da za a mayar muku in an fasa saboda tsaro ko rasuwa. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, a karɓi rasit. Rabon ɗakuna a gama shi a gida, a manna sunaye a ƙofa. Iyaye mata da masu goyo a ɗakunan ƙasa mafi kusa da banɗaki, nesa da lasifika. Samari can ƙarshen harabar, su ko a katifa cikin babban zaure sun kwana. A kiyaye kunya irin tamu: kada a haɗa suruki da surukinsa a bango ɗaya, kada hanyar ɗakin amarya ta bi ta gaban iyayen ango. Ɗaki guda mai makulli a ware shi don gwala-gwalai da kuɗi da kayan amarya, makullin a hannun gwaggo ɗaya.

Abinci

Daga daren Juma'a zuwa safiyar Lahadi ci biyar ne, kuma wanda ya fi ba da wahala shi ne karin kumallo, don kowa yana tashi da yunwa lokaci guda. A ɗauko mai shayi da teburinsa da mai suyar ƙosai daga garin, su fara tun bayan asuba. Kunun gyaɗa da waina su biyo baya. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana ciyar da kimanin mutum 300 ci ɗaya. Nama ya fi kyau a sayi dabbar da rai a kasuwar yankin, mahauci ya yanka da safiyar ranar da za a ci, a huta da neman firji. Nono da man shanu da itace da kayan miya a saye su a wurin. Sun fi araha, kuma kuɗin ya shiga hannun masu masaukinku.

A guji abin da ba ya jure zafi. Haɗin salak mai mayonis da kunun aya suna lalacewa cikin 'yan awanni in babu sanyi, kuma gudawa a wurin da asibiti yake nesa ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Tuwon shinkafa da miyar taushe, dambu, sinasir, balangu da zoɓo sun fi zama lafiya. A tuna da masu ciwon sukari da hawan jini a dafa musu nasu. Sannan a ɗora tukunya guda musamman domin mutanen gari. Yara za su zo kallo, almajirai za su zo, kuma bai dace a ci nama a garinsu a kore su da sanda ba. A aika wa gidan mai gari da na liman nasu a kwano mai murfi.

Yadda kwanakin za su gudana

Wakilai huɗu ko biyar su riga kowa zuwa tun Alhamis tare da masu girki da masu rumfa. Daren Juma'a kada a sa komai sai abinci da hutawa, mutane sun gaji. Tun a nan malamin da ke cikinku ya yi wa jama'a bayanin salla: a mazhabar Malikiyya wanda ya yi tafiyar mil 48, kimanin kilomita 80, kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba, yana yin ƙasaru.

Asabar da safe a bar ta sakayau. Wannan sararin shi ne dalilin zuwan, kada a cushe shi da shirye-shirye. Dattawa su zauna a inuwa, yara su ga shanu, a zaga gona. Masu zuwa yini su iso kafin sha ɗaya, a yi walima bayan azahar, su juya da la'asar sakaliya. Kamu da yamma, nishaɗi bayan isha'i, kiɗan ƙwarya ko kalangu ya fi dacewa da fili fiye da lasifikar da za ta hana ƙauye barci, kuma sha ɗaya ta yi an tashi. Masu liƙi su sani sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. A ajiye ƙwarya a riƙa sakawa. Ku zo da tsabar kuɗi na sallamar ma'aikata, don taransifa takan maƙale inda sabis ba shi da ƙarfi.

Idan wurin yana bakin ruwa, a naɗa manya biyu da ba su da wani aiki sai lura da yara. Ruwan madatsa yana ɗauke da tsargiya, ba na wanka ba ne. Kwalekwale kuma babu mai hawa sai da rigar ruwa, da rana, ba tare da lodi ba; a Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a kogin Neja a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. A gayyaci ma'aikaciyar jinya ta kwana tare da ku, da na'urar awon jini da ta sukari, da maganin zazzaɓi da gishirin gudawa da bandeji. A sare ciyawar harabar mako guda kafin zuwa, a hana yawo da dare ba takalmi ba tocila, domin lokacin kaka kububuwa da kunama suna fitowa. Ku san asibiti mafi kusa da yake da allurar saran maciji, kuma mota ɗaya ta kwana da mai cike da tanki, hancinta yana kallon ƙofa, direbanta a kusa.

Ranar Lahadi a karya da wuri, a yi wa amarya da ango nasiha a gaban iyayen ɓangarorin biyu, wanda a birni da wuya a sami natsuwar yinsa. Ƙarfe goma motocin tsofaffi su fara tashi, don a isa gida a huta kafin kai amarya da yamma. Ɗakinta yana gari, daga gidan ubanta za a ɗauke ta kamar yadda aka saba. Mutum uku su tsaya a baya. Su zaga ɗakuna da mai wuri ɗaya bayan ɗaya, a ga abin da ya fashe a biya nan take, a tattara caja da takalman yara da aka manta. A tsince ledojin ruwa tas, domin dabbar da ta haɗiye leda tana iya mutuwa, kuma gonar mutane ce. A sallami 'yan sintiri da masu ɗiban ruwa hannu da hannu, a biya ta ƙofar mai gari a yi masa godiya da sallama. Motar ƙarshe kada ta tashi sai jagoran kowace mota ya kira ya ce mutanensa sun cika.